Abin da ke ƙarƙashin rigar Habu Tozo

Ku samarin nan da kuke zuwa kuna tsugunawa kusa da ni a kasuwar dabbobi kuna cewa in koya muku fawa, kun ɗauka wuƙa ce kawai da nama da wuta. Wani cikinku har ce min ya yi wai shi da kallo ma ya iya, ai yanka ne a barbaɗa yaji. To, ku gyara zama. Ni ne Habu, wanda duk Matamaye ta sani da Habu Tozo. A bakin tukuba na tsufa, ga shi yau ba ni da tukuba. Kafin in nuna muku yadda ake riƙe barho, gara ku ji yadda aka yi na ajiye nawa. Mahauci hannunsa yake sayarwa kafin namansa. Ranar da mutane suka ji ƙyamar hannun nan, ko ragon da ka yanka ya kai maraƙi girma, a gabanka zai bushe.

Aikin farko da ƙanen mahaifina, Baba Idi, ya ba ni shi ne wankin hanji. Ana gama fiɗa a mahauta sai a jibga min kayan ciki a kwano in nufi bakin rijiya. Ka kama hanjin da yatsu biyu ka tatse abin da ke ciki, ka sa kara ka juya shi, ka wanke, ka zubar da ruwa, ka sake wankewa. In na kawo, Baba Idi ba ya dubawa da ido. Hancinsa yake kaiwa. In ya ji ko ɗan ɓurɓushin wari, sai ya wurgo min da shi a ƙirji ya ce, "Wannan ubanka za ka ba ko ni?" Na daɗe ina wannan aiki kafin a bar ni in taɓa wuƙa, kuma lokacin haushi nake ji. Daga baya na gane so yake ƙyama ta fita daga raina, tsabta ta shiga hannuna.

A wurin wankin nan na san kitse. Akwai na ƙoda, mai tauri. Akwai dunƙule-dunƙulen da ke rataye jikin babban hanji. Akwai kuma wani siriri mai kama da raga wanda ya lulluɓe kayan cikin duka. Shi wannan, in ka yaga shi wajen cirewa, ranar ba ka da abincin rana. Ɗungurungum ake ɗaga shi tun da ɗuminsa a shimfiɗa a bayan ragon da aka rataye a ƙugiya, don mai wucewa ya ga dabbar ta ƙoshi. Da yamma kuma da shi muke naɗe hanta mu ɗora a wuta. Duk wanda ya taɓa cin hanta naɗe da kitsen nan da zafinta ya san abin da ya sa mutum zai baro garin Tsauni a kan babur don ita.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Wuƙar fiɗa gajera ce, ba a sara da ita. Barho na yanka ne da rabon nama. Gatari na ƙashi ne, kuma wanda ya sara ƙashi da barho a gaban Baba Idi sai ya sha ranƙwashi. Dutsen washi kullum da ruwa a kansa. Itacen tukuba ba kowanne ba, don akwai mai hayaƙi mai ɗaci da zai ɓata maka rago guda. Sai takardar buhun siminti, wadda ake ɓare fallen ciki mai tsabta a naɗe nama. Sauran duk hannu ne. Da hannu kake juya balangu, da hannu kake yayyafa yaji, kuma in mai saye ya tsaya, da hannu kake yanko ɗanɗano ka miƙa masa ya jefa a baki kafin a yi ciniki. Ku riƙe wannan, don ba ni da wani abin koyarwa da ya fi shi.

A garinmu ba a ba mutum jan nama zalla, sai ka ce mai jinya. Gyara ma da kitse ake yi. Abin da ya rage a tukuba bayan an watse, wanda ya narke ya ƙone gefe-gefe, rabon mahauci ne, kuma ni ban taɓa barin rabona ba. Safe in karya da shi, rana in haɗa da burodi, yamma in ɗanɗana na kowane mai saye don ya ga ban sa masa komai ba. Shekarun da nake zuwa ci-rani Kano, in na dawo da damina mata kan ce birni ya karɓe ni. Wuyana ya yi ninki ta baya, daga nan sunan Tozo ya bi ni. Daɗi nake ji. Mutane ba sa yarda da ramammen mahauci, gani suke ko namansa ba ya gina jiki ko shi kansa ba ya iya ci.

Cikin masu sayen namana babu kamar Alhaji Lawali mai rake, wanda ke loda manyan motoci daga lambunan Dungu. Bayan la'asar zai zo ya zauna a bencina, a ajiye masa hantarsa da tozonsa, ya ci ya yi ta surutu. Tumbinsa ya fi nawa, kullum muna gasar wanda zai riga wani kasa ganin ƙafarsa. Mutum ne mai kyauta, mai saurin dariya, amma cikinsa ba ya riƙe magana. In kana so labari ya kai garin Ɗan Barto kafin magariba, ka gaya wa Alhaji Lawali ka ce sirri ne.

Mugunyar shekarata da ɗan jini ta fara. Na gan shi a bayan gida, na ce basir ne, don a wurinmu duk abin da ya fito ta can sunansa basir. Na je wurin masu maganin nan da ke ihu da lasifika ranar kasuwa, na rage murya na ce wa wani abokina nake saya. Na sha sassaƙe, na sha jiƙo, na zauna cikin ruwan ɗumi. Yau gudawa, gobe cikin ya ƙulle. In na zaga na fito, sai in ji kamar ban gama ba. Sai rama ta biyo baya, ina ta ƙara jan mazagin wando. Masu saye suka fara cewa, "Tozo, wa ya sa maka hannu?" Ni kuwa na fi son a ce sammu ne da a san ta inda abin yake. Namiji mai jikoki, yaya zai buɗe baki ya ce duburarsa ce ke jini? Ko matata Hajara ban gaya wa ba. Ita ta gani a wanki, ta zo ta tsaya a kaina da wandon a hannu.

"Malam, wannan fa?"

Na ce mata jinin rago ne.

"Rago ta nan yake bi?" ta ce. "Gobe ko ka tafi wurin majo da ƙafarka, ko in kira yayanka ya kai ka."

Majo, wato babban ma'aikacin jinyar asibitin garinmu, bai ja magana ba. Ya tambaye ni tun yaushe, na rage masa watanni, ya dube ni ya ce in wuce babban asibitin Damagaram.

Likitar da aka haɗa ni da ita a can mace ce, ba ta girmi 'yata ta fari ba. Ta ce in kwanta ta gefe in naɗe gwiwa, ta sa safar hannu. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na juya fuska bango ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ni da na juya hanjin dabbobin da ba su ƙirguwa, yau ga nawa a hannun yarinya. Bayan 'yan kwanaki suka zura wata siririyar igiya mai ido, suka ga ƙari, suka tsinko kaɗan aka kai awo. Da sakamako ya fito ta zaunar da ni da Hajara ta ce ciwon daji ne, a can ƙasa, dab da mafita.

Na tambaye ta mene ne ya jawo min. Ta ce babu mai iya nuna abu ɗaya ya ce shi ne, don ramammu ma suna kamuwa, akwai gado, akwai shekaru, akwai yawan jan nama da wanda ya ƙone a wuta. Sai ta ce, "Baba, sana'arka me?" Na faɗa mata. Ta ce to na san kitsen da ke lulluɓe da hanji ke nan. Na ce tun ba a haife ta ba.

"Kai a ganinka me yake yi a wurin?"

Na ce ajiya ce, kamar hatsi a rumbu, jiki ya ci ranar yunwa.

Ta girgiza kai. Ta ce su ma da haka aka ɗauka, amma yanzu an gane kitse ba a kwance yake ba. Yana zuba wasu sinadarai cikin jini, kamar mai aika saƙo, kuma fatar cikin hanji tana da wuraren karɓar saƙon. Ɗaya daga cikin sinadaran, in kitse ya yi yawa shi ma sai ya yi yawa, ya riƙa zuga naman hanji ya yi ta tsiro. Akwai wani kuma mai tsawatarwa, mai cewa ya isa haka, shi kuwa raguwa yake yi in tumbi ya girma. Ta ce har yanzu masana suna kan bincike, ba su gama sanin yadda abin yake ba, amma tumbi irin wanda Hajara ta kwatanta mata yana cikin abin da ke buɗe wa ciwon nan ƙofa. Abin da na yi shekaru ina shimfiɗawa a bayan rago don alfahari, ina ba mutane gyara da shi, ban taɓa tunanin yana da wani aiki a cikin mai rai ba. Kunya ta sake kama ni, ta wani gefe dabam.

Aka yi min aiki. Da na farfaɗo na kai hannu cikina, sai na ji leda manne a gefen hagu. Sun yanke inda ya ɓaci, kuma da yake ya yi ƙasa da yawa ba a iya haɗawa ba, sai suka fito da bakin hanjin ta fatar cikina. Ta nan bayan gida zai riƙa fita, cikin ledar, ba da izinina ba, ba da sanina ba, har ƙarshen rayuwata. An gaya min tun kafin aikin, amma ji dabam, taɓawa dabam. Na yi kwanaki ban yarda na kalli wurin ba. Hajara ce ta koyi canjawa, ita ta koya min.

Da na gama shan wahalar maganin da ake sawa ta jijiya na dawo gida, abu ɗaya ke raina: kada kowa ya sani. Na ce wa mutane aikin basir aka yi min, aka yi ta dariya ana min barka. Hajara ta ɗinka min ɗamara mai faɗi da ke riƙe ledar, na sa riga mai yalwa, na ɗora ta aiki a kai. Ranar kasuwa ba na karyawa, don cikin ya yi shiru. Na ajiye buta da sabulu gefen tukuba, kuma na rantse muku a duk layin mahauta babu mai wanke hannu kamar ni a lokacin. Malamin unguwarmu kaɗai na gaya wa, saboda alwala, ya ce lalura ce, in yi alwalata lokacin kowace salla in shiga sahu. Duk da haka ƙarshen sahu nake tsayawa, kusa da ƙofa. Ciniki ya dawo. Ana ta zolayata wai Tozo ya zama ƙashin haƙarƙari, amma ana karɓar ɗanɗano daga hannuna, kuma abin da nake nema ke nan.

Wata rana bayan la'asar Alhaji Lawali ya zo da wuri, babu kowa a benci. Na ajiye masa hantarsa. Ya ci yanka biyu, ya waiga hagu da dama, ya matso.

"Habu, wai basir ɗin nan naka, da jini ya fara?"

Na ce da jini.

"To ni ma ga shi nan, ya kai wata nawa. Kuma cikin sai ya ƙulle, sai ya sake. Akwai wani mai magani a Ɗan Barto, an ce nasa kamar yankan wuƙa. Shi zan gwada. Ni ba zan je wata yarinya ta tuɓe ni ba."

Na ce, "Alhaji, ka je Damagaram a duba ka."

Ya yi dariya. "Kai da ka je me suka yi ma? Ba basir ɗin suka yanke ba? Ga ka nan garau. Ni nawa bai kai na yanka ba."

Ƙaryata ce ta dawo min ta bakinsa. Na juya ina gyara wuta da ba ta bukatar gyara. Na san halin mutumin nan sarai. In na yi shiru, zai tafi Ɗan Barto ya sha sassaƙe kamar yadda na sha, har lokaci ya ƙure masa. In na faɗa da baki, ba zai yarda ba, zai ce tsoratar da shi nake. In kuwa na nuna masa, na san inda maganar za ta kwana. Na dubi tukubar nan da na gada daga Baba Idi, na dubi tumbin Alhaji da ni na taya shi tarawa.

Na ce, "Taso mu zaga."

Muka shiga bayan zanar rumfa inda nake ajiye itace. Na kwance rigar aiki, na ɗaga ta ciki, na sassauta ɗamarar. Ledar ba ma wofi take ba. Ban iya kallon fuskarsa ba, ƙafafunsa nake kallo.

"Ba basir ba ne, Alhaji. Daji ne. Ni ma haka na ce, na zauna ina shan jiƙo. Ga abin da zaman ya saya min."

Ya ce, "Innalillahi." Ya sake cewa, "Innalillahi, Habu." Muka fito. Ya tsaya kan sauran hantarsa, ya kai hannu kamar zai ɗauka, sai ya naɗe takardar ya ce zai kai wa yara. Na san ba yara za ta je ba.

Ya tafi Damagaram cikin satin. Suka sami ƙari, ƙarami, a sama, bai bazu ba. Suka yanke suka haɗa hanjin, ya dawo ba leda. Kuma ba da mugunta ya tona ni ba, wannan shi ne abin da ya fi ci min rai. Yabona yake yi. Duk wanda ya je gaishe shi sai ya ce, "Habu Tozo ne ya cece ni bayan Allah. Bawan Allah nan ya ɗaga min rigarsa, da idona na ga ledar." A tasha ya faɗa, a masallaci ya faɗa, wurin lodin rake ya faɗa.

Babu wanda ya zage ni. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi. Mutum zai tsaya ya ce, "Sannu Habu, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi," idonsa na kan cikina, sai ya wuce tukubar Sallau da ke gefena. Wanda ya daure ya saya, in na miƙa ɗanɗano sai ya ce azumi yake. Rago guda da ke ƙarewa kafin magariba ya koma rabi, rabin ma sai in kai gida. Wata rana wata yarinya da aka aiko ta tsaya gabana, ƙawarta ta ja mayafinta ta raɗa mata wani abu, suka matsa gaba. Ran nan na kashe wuta da rana tsaka. Ban yi fushi da kowa ba. Da ni ne mai sayen, ban san abin da zan yi ba. Kunya ce dai ta hana ni sake hura wutar, na koma nan ina taya mutane zaɓen dabba, ina taɓa gindin wutsiya in faɗi ko ta yi kitse. Dabba mai rai ba ta damu da hannun da ya taɓa ta ba.

Da babbar salla ta matso sai raina ya ɗan motsa. Tun Alhaji Lawali bai zama Alhaji ba ni nake masa fiɗar layya. Shi zai yanka, ni in feɗe, in tsire ragunan a sanda in jera su kewaye da wuta a ƙofar gidansa har su gasu. Na ce wannan kam ba ciniki ba ne, tsakanina da shi ne. Na fito da wuƙar fiɗa da barho na wasa su, Hajara ta wanke min rigar aiki. Muka sauko daga idi, na zauna a zaure da kayana kusa da ni ina jiran a aiko. Na ji raguna suna kuka a unguwa, na ji sun yi shiru. Hayaƙi ya tashi ko'ina. Hajara ta leƙo sau ɗaya, ta koma.

Washegari, ranar rabon nama, sai ga direbansa da babban tire a lulluɓe. Cinya guda ce ta rago, da shadda mai tsada, da saƙon cewa Alhaji yana gaisuwa, ba zai taɓa manta alherina ba. Na ce a gaya masa na gode, Allah ya maimaita mana. Da direban ya tafi na ɗaga cinyar na juya ta. An bar ɗan gashi a gwiwa, kuma an sare gaɓar da gatari maimakon a bi ta da wuƙa. Hannun Sallau ne.